Tambaya da Amsa: Yaya Ake Shata Iyaka a Kan Ruwan da Ba Ya Tsayawa?

Wasiƙun wannan karon sun taru a kan magana guda, wato labarin da ake ta yi cewa ƙasashen duniya za su keɓe wasu yankuna a tsakiyar teku domin kare halittun da ke ciki. Na zaɓi biyar, na taƙaita su don fili ya ishe mu.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce mai karatun labarin ƙasa. Taswirar da aka koya mana tana da duwatsu da koguna da hanyoyi. To tsakiyar teku ai ruwa ne zalla ta ko'ina, me za a zana a ciki?

AMSA: Wa'alaikumus salam 'yata. Bari mu fara da sanin wurin da ake magana a kai. Yarjejeniyar dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda aka ƙulla a 1982, ta ba kowace ƙasa mai gaɓa iko da albarkatun ruwa har nisan mil 200 na teku, kimanin kilomita 370. Da an wuce nan, ruwa ya zama ba na kowa ba. Wannan yanki ya kai kusan kashi biyu cikin uku na teku, kusan rabin faɗin duniya ke nan gaba ɗaya.

Ido ne kawai yake ganin ruwan iri ɗaya. A ƙasansa akwai tsaunuka da kwazazzabai da filaye shimfiɗaɗɗu. Matsakaicin zurfin teku ya kai mita 3,700, kuma a ramin Mariyana da ke tekun Fasifik ana dosar mita 11,000. Saboda haka abu na farko da ake zanawa shi ne ƙasan tekun. Jirgin binciken Ingila mai suna Challenger, wanda ya zaga duniya daga 1872 zuwa 1876, igiya yake zurawa da nauyi a bakinta har ta taɓa ƙasa, kamar mai auna rijiya da igiyar guga, awo ɗaya ya ci sa'o'i. Yau da sauti ake yi. Sauti yana gudun kusan mita 1,500 a daƙiƙa cikin ruwan gishiri, don haka idan na'ura ta aika ƙara daga cikin jirgi, amonta ya dawo bayan daƙiƙa huɗu, biyu zuwa biyu dawowa, zurfin wurin mita 3,000 ne. Na'urorin zamani ba ƙara ɗaya suke aikawa ba, ɗaruruwa suke watsawa dama da hagu a lokaci guda, sai jirgi ya riƙa auna faffaɗan layi yana tafiya.

Matsalar ita ce jirgi ba ya sauri, kuma kowace rana da ya yi a teku kuɗi ne masu yawa. Tauraron ɗan'adam kuwa ba ya iya ganin ƙasan teku, domin haske ba ya wuce 'yan ɗaruruwan mitoci a cikin ruwa. Amma an samo dabara da har yanzu take burge ni. Babban tsauni da ke ƙarƙashin ruwa yana da nauyin da ke janyo ruwa ya taru a kansa, sai saman tekun ya ɗan yi tozo a wurin. Matuƙin jirgi ba zai taɓa lura da tozon ba, amma tauraron da ke auna tsayin ruwa yana kama shi. Da wannan hanya Walter Smith da David Sandwell suka fitar da taswirar ƙasan teku ta duniya a 1997. Sai dai hasashe ne mai kauri, ƙananan tsaunuka suna kuɓuce masa. A 2005 wani jirgin yaƙin Amurka mai tafiya ƙarƙashin ruwa, San Francisco, ya yi karo da tsauni a kudancin tsibirin Guwam yana cikin gudu, saboda tsaunin ba ya cikin taswirar da suke bi, har mutum ɗaya ya rasu. Shirin Seabed 2030, da aka ƙaddamar a 2017 don auna ƙasan teku duka, ya tarar da kashi 6 cikin ɗari kawai aka auna da kyau. Zuwa 2025 an ɗan haura kashi ɗaya cikin huɗu.

Tun da ke ɗaliba ce, ki riƙe sunan Marie Tharp. A farkon aikinta ba a barin mata shiga jiragen bincike, sai dai a kawo mata alƙaluman awo ta zauna a ofis tana zanawa. Daga wannan zama ta gano a 1952 cewa akwai wani dogon kwari da ya tsaga tsakiyar jerin tsaunukan tekun Atalantika, abin da abokin aikinta Bruce Heezen ya ƙi yarda da shi da farko. A 1977 suka fitar da taswirar ƙasan tekunan duniya tare.

Ƙasan teku shafi ɗaya ne kawai. Akwai shafin zafin ruwa, akwai na launinsa, domin inda ruwa ya yi kore-kore a hoton tauraro alama ce ta ƙananan tsirran da duk abincin teku ya faro daga gare su. Akwai na'urori kusan 4,000 na shirin Argo da ke yawo da igiyar ruwa, kowace tana nutsewa har mita 2,000, ta taso bayan kwana goma ta aika da awon zafi da gishiri. Akwai kuma shafin hanyoyin dabbobi, wanda ake samu daga ƙananan na'urorin da ake liƙa wa kunkurun teku da tsuntsaye da manyan kifaye. Manhajar taswira a kwamfuta ita ke ɗora waɗannan shafuka ɗaya bisa ɗaya, sai ki ga inda tsauni da ruwan sanyi mai tasowa da taron tsuntsaye suka haɗu a wuri guda.

TAMBAYA: Malam, ni malamin makaranta ne. Na ji an ce kwamfuta ce ke zaɓar wurin da za a keɓe. Ashe har mun kai inda na'ura za ta yanke wa mutane hukunci?

AMSA: Malam, ba mu kai ba, kuma masu aikin da suka san abin da suke yi ba sa so a kai. Ga yadda abin yake. Ana yanka taswirar zuwa dubban ƙananan gidaje. A kowane gida a rubuta abin da ke ciki: murjani ne, wurin haihuwar kifi ne, hanyar kunkuru ce. Sannan a rubuta asarar da za a yi idan an rufe shi, misali yawan kifin da ake kamawa a wurin. Daga nan mutane su faɗi burinsu, su ce muna son a kare kashi kaza na kowane irin muhalli. Aikin manhaja shi ne ta gwada haɗe-haɗen gidajen nan sau miliyoyi, ta nemo waɗanda za su cika burin da asara mafi ƙanƙanta. Wadda ta fi suna ita ce Marxan, da Ian Ball da Hugh Possingham suka ƙirƙira a Ostareliya. An yi aiki da ita wajen sake tsara yankin murjani na Great Barrier Reef da ke gaɓar Ostareliya, inda aka kasa yankin zuwa muhallai iri 70, aka ce kowanne a rufe aƙalla kashi 20 cikin ɗari. A 2004 yankin da aka hana kamun kifi ya tashi daga ƙasa da kashi 5 zuwa kashi 33. Amma kafin a kai nan sai da jama'a suka aiko da ra'ayoyi sama da 30,000, aka yi ta gyara layukan.

Ka ga ke nan burin na mutane ne, farashin asarar ma mutane ne suka sa. A nan ne nake da ƙorafi. Idan ka ce wa kwamfuta ta guje wa duk inda masunta ke cin riba, za ta kai ka can wani lungu da babu mai zuwa, ta ce ga wurin da za a kare. A takarda an samu dubban murabba'in kilomita, a ruwa kuwa babu abin da ya sauya, domin dama ba mai taɓa wurin. Tun da ƙasashe suka amince a birnin Montiriyal a Disambar 2022 cewa za a kare kashi 30 cikin ɗari na teku nan da 2030, wannan jarabar ta ƙaru, saboda kowa yana son ya cika adadi.

Ƙorafi na biyu ya fi wannan nauyi. Bayanan halittun teku sun fi yawa kusa da gaɓa, kusa da saman ruwa, da kuma kusa da ƙasashen da ke da jiragen bincike. Idan gida ya fito fayau a taswira, ba lallai ne babu komai a cikinsa ba, galibi ba a je ba ne. Kwamfuta kuwa ba ta bambanta "babu" da "ba a duba ba" sai an koya mata.

Duk da haka kada na rage wa fasahar daraja. A tsakiyar arewacin Atalantika akwai wani yanki da babu tsibiri, babu wata alama. Sai da masana suka haɗa bayanan na'urorin da aka ɗaura wa tsuntsayen teku iri 21, suka ga hanyoyinsu suna haɗuwa a can, miliyoyin tsuntsaye daga arewa da kudancin duniya suna zuwa kiwo. A 2021 ƙasashen yarjejeniyar OSPAR, wadda ke kare muhallin arewa maso gabashin Atalantika, suka ayyana shi wurin kariya, faɗinsa kusan murabba'in kilomita 600,000, ya ɗara ƙasar Faransa. Ba don taswirar ba, da babu wanda zai nuna wurin da yatsa. A tekun Ross na Antatika kuwa, taswira ta daɗe da kammaluwa, amma sai da aka yi shekaru ana ja-in-ja kafin duk mambobin hukumar da ke kula da halittun tekun Antatika su yarda a 2016, kuma aka sa wa kariyar wa'adin shekara 35.

TAMBAYA: Kifi ai ba ya sanin iyaka. In an keɓe wuri yau, gobe ya ƙaura, me aka yi ke nan?

AMSA: Wannan ita ce tambayar da ta fi wahalar da masanan kansu. Amsar ta rabu biyu, gwargwadon abin da ake son karewa.

Abin da ke manne da ƙasa, layi tsayayye ya ishe shi. Murjanin ruwa mai zurfi da ke kan tsaunukan ƙarƙashin teku yana yin ɗaruruwan shekaru, wani ma dubbai, kafin ya girma, kuma jirgi ɗaya mai jan taru a ƙasa zai iya share shi a wuni guda. Tsaunin ba ya zuwa ko'ina, don haka a zagaye shi da layi a hana jan taru, magana ta ƙare. Wasu dabbobin ma, duk da yawonsu, suna da wuraren da suke komawa. Fararen kifayen shak na gaɓar Kalifoniya suna tafiya kowace shekara zuwa wani yanki da ke tsakanin Hawai da Meziko, abin da ba a sani ba sai da aka liƙa musu na'urori.

Abin da ke bin ruwa kuwa sai an bi shi. Masana a Hawai sun lura cewa wani nau'in kunkurun teku ya fi faɗawa ƙugiyoyin masunta a inda zafin saman ruwa yake tsakanin digiri 17.5 da 18.5. Wannan zirin yana hawa arewa yana sauka kudu da sauyin yanayi. Sai hukumar kula da teku ta Amurka ta fara fitar da taswira a kai a kai tun 2006, mai suna TurtleWatch, tana nuna wa masunta inda zirin yake don su kauce masa. Iyaka ce mai tafiya. A ganina nan gaba ta nufa, musamman da yake ɗumamar ruwa tana tura kifaye da yawa zuwa wurare masu sanyi, ta yadda layin da aka shata bana zai iya zama fanko bayan shekara talatin. Amma kada mu ruɗi kanmu: shawara ce ake ba masunta a Hawai, ba doka ba. Rubuta dokar ƙasa da ƙasa a kan iyakar da ke sauya wuri kowane mako, sannan a gurfanar da wanda ya ƙetare ta, aiki ne da lauyoyi ba su gama warwarewa ba.

TAMBAYA: Ɗana, ni dattijo ne, na ga dokoki da yawa da suka ƙare a takarda. Wa zai yi gadin wuri mai nisan kwana da kwanaki daga tudu?

AMSA: Baba, shakkarka tana kan hanya, amma bari na faɗa maka abin da ya sauya. Manyan jiragen ruwa suna ɗauke da wata na'ura da ake kira AIS, wadda ke shelanta sunan jirgi da inda yake da saurinsa. Don gudun karo aka yi ta, ba don gadi ba. Sai aka ga taurari suna iya tsintar saƙonninta daga sama. A 2016 ƙungiyoyin Oceana da SkyTruth tare da kamfanin Google suka buɗe Global Fishing Watch, taswirar da kowa zai iya shiga ta intanet ya ga jiragen kamun kifi. Kwamfuta tana gane sana'ar jirgi daga tafiyarsa. Jirgin kaya miƙewa yake yi ɗoɗar. Mai jan taru yana tafiya a hankali da sauri iri ɗaya. Mai shimfiɗa doguwar igiya mai dubban ƙugiyoyi yana tafiya ya dawo ta kan sawunsa. Idan jirage biyu suka tsaya kafaɗa da kafaɗa na sa'o'i a tsakiyar teku, akwai alamar ana juye kifi daga ɗaya zuwa ɗaya.

Da ƙasar Kiribati da ke tekun Fasifik ta rufe yankin tsibiran Phoenix a farkon 2015, an ga jiragen sun watse daga wurin a taswira, kuma wani da ya saci jiki ya shiga, bayanan tafiyarsa ne suka tona shi har aka ci tarar masu shi. Sai dai a 2021 gwamnatin ƙasar ta sanar da cewa za ta sake buɗe yankin saboda kuɗin shiga da take asara. Wannan ma yana cikin labarin.

Mai niyyar ɓarna yana iya kashe na'urarsa, kuma ana yi. Wani bincike da aka wallafa a 2024, wanda ya yi amfani da hotunan rada na taurari, ya nuna cewa kusan kashi uku cikin huɗu na manyan jiragen kamun kifi ba sa bayyana a tsarin bibiyar da jama'a ke gani. Rada tana ganin ƙarfen jirgi ko da dare ko cikin gajimare. Masu kamun sikwid, wata halittar teku mai hannaye da yawa, su kuma fitilunsu ne ke tona su, domin da haske mai ƙarfi suke janyo shi. A hoton dare za ka ga fitilunsu sun jeru daidai bakin iyakar mil 200 ta Ajantina, kamar an ja musu layi.

Gani dai an samu. Hukunci ne ya rage, kuma a tsakiyar teku ƙasar da jirgi ke ɗauke da tutarta ita ke da alhakin hukunta shi, wasu ƙasashen kuwa sayar da tutar kawai suke yi. Abin da ya fi aiki shi ne a jira jirgin a tasha. Akwai yarjejeniyar da ta fara aiki a 2016 wadda ta ba ƙasa damar hana jirgin da ake zargi sauke kifinsa. Sabuwar yarjejeniyar kare halittun tsakiyar teku, da aka amince da ita a Yunin 2023, ta samu sa hannun tabbatarwa na ƙasashe 60 a Satumbar 2025, ta fara aiki a Janairun 2026. Abin da na fi so a cikinta shi ne idan an kasa samun yardar kowa, rinjayen kashi uku cikin huɗu zai iya keɓe yanki, ba kamar Antatika ba inda ƙasa ɗaya ke iya riƙe kowa. Rauninta kuma shi ne ba ta ƙwace ikon hukumomin da suka riga ta ba. Kamun kifi yana hannun hukumomin yankuna, zirga-zirgar jirage tana hannun hukumar sufurin teku ta duniya da ke Landan, haƙar ma'adinan ƙasan teku tana hannun wadda ke Kingiston ta Jamaika. Wuri ɗaya a taswira, masu iko uku ko huɗu, kuma sai kowannensu ya yarda kafin kariyar ta cika.

TAMBAYA: Malam, ina da kwamfuta kuma ina sha'awar wannan fanni. Zan iya gwadawa da kaina ko sai mai jirgi?

AMSA: Za ka iya, ƙanena, kuma ba sai ka taɓa ganin teku ba. Manhajar taswira ta QGIS kyauta ce. Taswirar zurfin teku ta GEBCO kyauta ce, haka rumbun bayanan halittu na OBIS, haka taswirar jiragen da na ambata a sama. Yawancin masu tsara waɗannan yankuna a gaban kwamfuta suke wuni.

Abu biyu za su fara ba ka wahala. Na farko, taswirar da muka saba gani a waya tana kumbura wuraren da ke kusa da ƙarshen arewa da kudu, don haka idan ka auna faɗin yanki a kanta za ka samu adadin ƙarya. Ka sauya zuwa tsarin da ke kiyaye faɗi kafin ka auna komai. Na biyu, layin digiri 180 ya raba tekun Fasifik biyu, kuma duk yankin da ya hau kan layin zai iya fito maka a tsage, rabi a wannan gefen allo rabi a wancan, sai ka sa tsakiyar taswirar a kan Fasifik ɗin.

Ga aikin farko da zan ba ka. Ka nemo jerin tsaunukan Walvis, wanda ya miƙe daga gaɓar Namibiya zuwa tsakiyar kudancin Atalantika. Ka ware duk ƙololuwar da ba ta kai zurfin mita 2,000 ba, ka ɗora layin mil 200 don ka ga waɗanda suka faɗa ruwan da ba na kowa ba, sannan ka ɗora zirga-zirgar jiragen kamun kifi ta shekara guda. Daga ƙarshe ka ɗora bayanan OBIS, ka ƙirga ƙololuwa nawa ne ba su da ko rahoto ɗaya. In ka gama ka aiko mini da abin da ka samu, zan sa shi a wannan fili.